Doguwar Wayar Malam Tanko

Yaran yanzu in sun wuce ƙofar shagona a Kura suka ga ƙahonin lasifika a jingine, dariya suke yi. A ganinsu sana'ar nan ta mutu tun ranar da aka kawo akwatin kiɗan nan mai taya da ake ja kamar jakar matafiyi. Wani har ce min ya yi, "Baba, ai wannan aikin ko makaho zai yi, danna maɓalli ne kawai." Na ce masa Allah ya shirye shi. Wanda bai taɓa hawa darbejiya da ƙaho a kafaɗa ba, tururuwa na cin cinyarsa, jama'a a ƙasa na jiran a ce bismillah, shi ne zai faɗi haka. Ni ne Sule Mai Lasifika. Tun gashin kaina yana baƙi nake ba mutane hayar murya a ƙauyukan da ke tsakanin Kura da Bunkure, kuma ina so ku ji abin da ke cikin aikin kafin in tafi da shi kabari.

Aikina na farko saukar karatu ce a Garun Mallam. Maigidana Malam Tanko, mai gyaran rediyo ne tun asali, ya ɗora min batirin mota a ka, shi ya ɗaure amfilifaya da ƙaho biyu a bayan keke. Da muka isa na haye bishiya na ɗaure ƙahonin suna kallon malam, don a tunanina mai magana ya fi kowa cancantar ya ji kansa. Ana kunnawa abin ya kwarma wata irin ƙara, awaki suka tsinke igiya, liman ya toshe kunne da rawani. Malam Tanko bai zage ni ba. Jira ya yi na sauko, ya ce, "Kai Sule, ƙaho ba ya kallon mai magana. Mai magana ya riga ya san abin da zai faɗa. Juya shi wajen waɗanda ba su sani ba." Na sake hawa, tururuwan suka ƙarasa abin da suka fara.

Daga nan na koyi sauran. Kafin ka ɗaure ƙaho sai ka watsa ƙasa sama ka ga inda iska ta nufa. In taro a bakin kanal ne, ka rage murya, don ruwa na ɗaukar magana ya kai ta gidan wanda ake gulmarsa. In damina ce, ka lulluɓe amfilifaya da buhu, amma ka bar mata wurin shan iska. Kayan aikinmu ba su da yawa: filaya, sukundireba, salatif, da wani ƙarfen like dalma da muke gasawa a garwashin mai shayi. Sai kuma sanin halin mutane, wanda shi ba a sayar da shi a kasuwa. Malami rungume makirfo yake yi kamar za a ƙwace masa. Ɗan siyasa sai ya hura shi, ya ƙwanƙwasa shi, ya tambaya ko ana jinsa, alhali tun daga tsallaken titi ana jinsa. Abokan ango kuwa, in ba ka tsaya a kansu ba, da yawu za su dawo maka da shi.

Amma abin da ya raba Malam Tanko da sauran masu lasifika shi ne doguwar wayar makirfo. Ba saya ya yi ba, haɗa ta ya yi guntu-guntu tsawon shekaru, ja da baƙa da ruwan toka, kowace mahaɗa an like ta da dalma an naɗe da salatif. In ka warware ta duka, tana tashi daga bakin ajin firamare ta wuce ƙarshen filin ƙwallo. Nauyinta kaɗai ya isa jaki ya yi tsaki. Ba ma fito da ita don biki ko wa'azi. Sau ɗaya take fita a shekara, ranar taron manoman rani na layinmu.

Ga wanda bai san wurinmu ba, bari in yi bayani. Ruwan noman rani daga Tiga yake zuwa ta babban kanal, sai ya rabu ƙananan layuka, kowane layi da ƙofarsa ta ƙarfe. Wanda gonarsa ke kusa da ƙofa shi ke fara sha. Wanda ke can wutsiyar layi sai abin da aka rage masa. Shi ya sa manoman layinmu suke da shugaba, shi ke riƙe da makullin ƙofa, shi ke tsara yau ruwan wane, gobe na wane. Kowace shekara kafin a saki ruwa ana taruwa a filin makaranta, kowa ya faɗi abin da ke cinsa, sannan masu son shugabanci su tsaya, jama'a su yi layi a bayan wanda suke so. Wanda layinsa ya fi tsawo shi ke tafiya gida da makulli. Ko a zamanin soja da aka hana taron siyasa, wannan taron bai tsaya ba, don ba a iya hana tumatir jin ƙishirwa.

Zaman taron ma da tsarinsa, ko da yake ba wanda ya tsara shi. Manya suna kan kujeru a gaba. Masu gonakin bakin ƙofa suna kan tabarmi kusa da su. Mutanen wutsiya, da yake daga nesa suke tahowa, kullum a baya suke samun wuri. Can gefe kuma Fulanin rugagen kusa ne a tsaye, sanda a kafaɗa, sun zo jin inda za a bar musu mashaya. To, masu ƙorafi na gaskiya duk a baya suke. Saboda su Malam Tanko ya haɗa wayar nan.

Dokar aikin ita ce mai lasifika ba ya barin inji. In mutum ya ɗaga hannu a baya, sai in miƙa makirfo ga na layin gaba, shi ya miƙa wa na bayansa, haka har ya isa. Wayar kuma ba a barinta ta ja ƙasa, don mahaɗan ba sa jure taku ko fizga. Duk wanda ta bi ta kansa sai ya ɗaga hannu ya tallafe ta, ya riƙe har mai magana ya gama. Ko ubanka zai zaga, sai ka riƙe masa. In ya gama, ka nemi naka. Na taɓa ce wa Malam Tanko me zai hana mu sa masu magana su fito gaba, a huta. Ya ce, "Talaka in ya fito gaban kujerun nan, rabin maganarsa a hanya take zubewa. Bar shi ya faɗa daga inda yake zaune, cikin 'yan'uwansa. Baki ɗaya ne ke magana, Sule, amma hannun jama'a ne ke kai masa."

Ba wanda ya ci moriyar wayar nan kamar Hudu. Hudu taubashina ne, ɗan ƙanwar mahaifina, gonarsa ita ce ta ƙarshe a layi, bayanta sai ciyawa. Siriri ne, kuma Allah ya ba shi zuciyar zaki da muryar ɗan tsako. In yana magana ba lasifika, sai ka sunkuya. Ina ce masa, "Bawana, ba don ni ba da matarka kaɗai ce ta san kana da baki." Shi kuma ya ce, "Yi shiru, mai hayar makogwaro. Kai da ba ka da maganar kanka, sai ta mutane."

Akwai shekarar da ba na mantawa. Shugaban lokacin ya riƙa ba wa shinkafar surukinsa ruwan ranar mutanen wutsiya. Hudu ya ɗaga hannu. Makirfo ya taso yana tafiya a kan hannuwa, wayar na binsa a sama, kuma cikin masu riƙewa har da wani da shi da Hudu suka kai juna gaban mai unguwa kan iyakar gona a satin. Yana riƙe yana harararsa, amma bai sake ba. Hudu ya yi sallama, ya ce, "Ranka ya daɗe, tambaya ɗaya ce. Shinkafar surukinka azumi take ramawa ne da ake ba ta sahur da buɗa-baki, namu tumatirin kuwa an bar shi da na nafila?" Filin nan ya ɗauki dariya har shugaban kansa sai da ya murmusa. Daga shi aka miƙa wa Arɗon Fulanin, ya yi bayanin mashaya da Hausarsa mai daɗi, wani ya tashi ya ce shanu sun cinye masa albasa, aka yi ta cacar baki har la'asar. Da aka zo layi, makulli ya canja aljihu. Wanda aka kayar ya zo ya taya ni naɗe waya, yana cewa baɗi ma rana ce.

Ina kewar wannan hayaniyar, ba zan ɓoye ba. A lokacin ciwon kai take ba ni, in koma gida kunne na amsawa. Yanzu da zan samu wanda zai sayar min da yini ɗaya irin wancan, da na ba shi shagon nan da abin da ke ciki.

Muguwar shekarata ta zo bayan rasuwar Malam Tanko, kayan sun dawo hannuna. Ba shekarar da janaretana ya ƙone nake nufi ba, wannan an gyara. Shekarar zaɓe ce. Shugabanmu na lokacin, Alhaji Mudi, ya samu shiga wajen wani ɗan takara, aka ba shi taki ya raba. Ana gab da taro sai magana ta fara yawo cewa bana ba za a yi layi ba, wai layi na kawo gaba, manya sun zauna sun yi maslaha, Alhaji zai ci gaba. Aka kuma ce duk wanda ya ta da fitina kada ya sa rai da taki.

Ana gobe taro ya aiko aka kira ni. Na same shi a ƙofar gida ana auna masa shinkafa.

"Malam Sule, gobe makirfon tebur kaɗai muke buƙata. Jawabi ne da addu'a. Ka bar wannan doguwar igiyar taka ta huta."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai ranarta ke nan a shekara. In na bar ta a gida, me zan ce wa mutanen baya?"

Na ɗauka zai yi faɗa, ko ya ce zai kira wani mai lasifika daga Madobi. Sai ya yi dariya, irin ta wanda ya riga ya gama ciniki. Ya ce, "To kawo ta. Wallahi kawo ta, ba wanda zai taɓa maka ita."

Ya kuwa cika alkawari. Ba wanda ya taɓa min ita.

Washegari na ɗaure ƙahonina a kan mangwaro, na duba iska, na bi kowace mahaɗa da yatsa. An ajiye motar taki a bakin fili, tamfol a ɗage yadda kowa zai ga buhunan, wasu samari da ba 'yan garinmu ba suna zaune a kai suna kaɗa ƙafa. Jama'a sun cika fili fiye da kowace shekara, amma ba hayaniya. Aka karanta maslaha. Aka ce in ba mai magana za a rufe da addu'a. Can baya hannun Hudu ya tashi, shi kaɗai.

Na miƙa makirfo ga na gaba. Ya karɓa kamar an ba shi garwashi, ya yi maza ya tura wa na bayansa. Haka ya riƙa tafiya, amma na lura ba wanda ke ɗaga waya, tana bin ƙasa tsakanin gwiwoyi. Har ya isa tsakiyar fili, hannun Malam Garba. Garba mutumin kirki ne, ladanin unguwarsu, gonarsa a tsakiyar layi, kuma ya sha riƙe wa Hudu waya. Ya dubi makirfo, ya dubi motar taki, ya waiga ya dubi Hudu. Sai ya ajiye shi a hankali a kan tabarma. Ya manta abin a kunne yake. Ya sunkuya ya ce wa na kusa da shi, ƙasa-ƙasa, "Ni dai ina da iyali."

Ƙahonina biyu suka ɗauki maganar nan suka watsa ta har bakin kanal. Na sha jin lasifika ta tona asiri, kuma kullum dariya ake yi. Ranar ba wanda ya yi dariya. Kowa ya sunkuyar da kai, don abin da ke ransa ne aka faɗa da muryar wani.

Sai na yi abin da ban taɓa yi ba, na bar inji. Na kutsa cikin mutane ina neman gafara, na ɗauki makirfo daga tabarmar Garba, na nufi baya. Ina cewa, "Jama'a a ɗaga waya, don Allah a ɗaga waya." Wasu suka kau da kai, wasu suka gyara hula. Ba wanda ya taka ta da gangan, ba wanda ya riƙe ta. Zaune kawai suke, ita kuma ta sarƙe a ƙarƙashin gwiwa da takalmi da butar alwala. Saura kaɗan in isa wajen Hudu na ji ta yi sako-sako a hannuna. Wata mahaɗa ta rabu a can tsakiya. Na miƙa masa mataccen makirfo, ya karɓa, ya yi maganarsa duk da haka da 'yar muryar nan tasa. Ni da mutum uku ko huɗu muka ji. Cewa yake makullin nan namu ne, aro muke ba wa mutum, kuma ranar da muka daina karɓarsa muna sake bayarwa, ya zama na mai riƙe da shi. Kafin ya kai aya an fara fatiha a makirfon tebur, jama'a suka shafa, aka nufi motar taki.

Ranin nan ruwa bai isa wutsiya a kan kari ba. Ba hana shi aka yi ba, kullum dai akwai dalili. Tumatirin Hudu ya yi fure, furen ya zube. Shekarar da ta biyo baya ba a kira taro ba, aka ce ai an riga an daidaita. Ruwan ya fara gajarta daga tsakiyar layi, albasar Malam Garba ta ƙone tun tana ƙarama, kuma babu filin da zai je ya faɗa. Takin da aka raba ko kaka ɗaya bai kai ba. Daga baya Alhaji Mudi ya gaji, ya miƙa makulli ga wanda ya ga dama, shi ma ya miƙa wa nasa. Fulani suka daina zuwa tambayar mashaya, sai dai a ji an yi rikici a gona. Yau in ka tambayi saurayi a layinmu yadda ake zama shugaban ruwa, ce maka zai yi naɗawa ake yi, kuma bai san an taɓa yin wani abu daban ba.

Hudu ya sayar da gonar. Ya koma kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan yana jera wa mutane kwanduna a mota, shi da ya saba a jera nasa. In aiki ya kai ni wajen nakan tsaya mu sha rake. Bai taɓa zagin Garba a gabana ba. Abin da yake tambaya kullum ɗaya ne.

"Mai hayar makogwaro, tana nan?"

"Tana nan, bawana. Na like inda ta rabu."

"To kar ka ba 'yan gwangwan. Na san halinka da son banza."

'Yan gwangwan kuwa sun sha zuwa, don jan ƙarfen da ke cikinta irin na da ne. Ina ce musu ba ta sayarwa ba ce. Ku kuma yara kuna ce min ai yanzu akwai makirfo marar waya, a cilla wa na baya kawai. Na sani, ina da shi guda biyu, ina kai su biki. Amma shi daga tebur ake kashe shi, da ɗan yatsa, a ce batir ne ya mutu, kuma ba wanda zai ji kunya don ba wanda aka nemi ya riƙe komai. Ita wayar Malam Tanko in magana ta isa baya, kowa ya san da hannunsa a ciki. In ba ta isa ba ma kowa ya sani.

Bara da rani, ana tsakiyar ɗibar tumatir, aka aiko min Hudu ya faɗi a kasuwa, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Ni na ɗaura ƙaho a bayan babur na bi layinmu tun daga bakin ƙofa har wutsiya ina sanar da jana'iza. Ban taɓa yin shela da ta yi min nauyi a baki kamar wannan ba. Mutane suka fito sosai, har daga rugage. Liman ya yi salla, aka ɗauki makara.

Kun san yadda ake yi a wurinmu. Ba a barin mutum huɗu su kai gawa su kaɗai. Kowa so yake ya sa hannu ya samu lada, wannan ya karɓa ya yi 'yan taku, wancan ya karɓe shi, makara na tafiya a sama ba ta taɓa ƙasa. Na ja gefe na tsaya a kan gaɓar kanal ina kallo. Duk na san hannuwan nan. Su ne na filin makaranta, sun dai ƙara tsufa. Malam Garba yana gaba, gumi ya jiƙa masa riga, ana ce masa ya kawo a karɓe shi yana ƙi. Haka suka ɗauki Hudu hannu da hannu, tun daga ƙofar gidansa har maƙabarta, tafiyar da ta ninka filin makaranta sau da yawa, kuma ba wanda ya ce yana da iyali.